Ƙasar Sawu a Tubalin Farko

Gani ga wane, in ji magabata, ya ishi wane tsoron Allah. To, ku gyara zama. Wanda duk ya bi tsohuwar hanyar jakai da ta tashi daga Dutse ta nufi Aujara, in ya wuce dabinai ya fara shiga giginyu, zai ga wani tudun jar ƙasa a hannun hagu, da kududdufi a gefensa wanda ko akuya ba ta shan ruwansa. Tudun nan gida ne a da. Mai shi sunansa Nata'ala.

Nata'ala shekara talatin ya yi yana kora jakan mutane, daga gabas a ɗauko kanwa a kai Kano, daga Kano a ɗauko tufafi a koma gabas. Jakan ba nasa ba, kanwar ba tasa ba. Abin da ya tara nasa na kansa shi ne faso a dunduniya da ciwon gwiwa. A shekarar da jirgin ƙasan Nasara ya iso Kano gyaɗa ta zama kuɗi, yaran da ya koya wa ɗaurin mangala suka fara sa riga biyu, shi kuwa ƙafa ta ce ta gaji. Sai ya tattaro matarsa Zuwaira da ɗansa Maharazu, ya dawo kufan ubansa, ya kafa bukka. 'Yarsa Safara'u tana aure a Aujara.

Amma akwai gida a cikin kansa. Kowane zango ya kwanta a shekarun nan, gidan yake ginawa. Ya san zaure gabas zai kalla, don hantsi ya gasa masa gwiwa. Ya san ɗakin Zuwaira a gindin dabino zai zauna. Ya san soronsa ba zai yi dokin ƙofa mai tsawo ba saboda ƙafa, kuma za a huda masa taga ta wajen duwatsu, ya zauna yana kallonsu har ranar da za a zo ɗaukarsa. Wannan ba mugun buri ba ne. Dattijo ya nemi inuwa, ina laifi? Laifin yana wajen hanyar.

Wata rana ya kira Barau magini, wanda taubashinsa ne, ya zana masa gidan a ƙasa da sanda. Barau ya zagaya zanen sau biyu, ya riƙe haɓa.

Ya ce, "Madugun jakan aro, wannan gidan hakimin wane gari ne?"

"Nawa ne."

"Naka? Da me za a sayi azara, da kashin jaki? Kai bawana, ko ramnon da za a kwaɓa ƙasa da shi sai ka roƙa. Zo in yaɓa maka akurki, in ka lanƙwashe ƙafa zai ɗauke ka."

Masu zama a gindin tsamiya suka fashe da dariya. Wasan taubasai ne, ba a fushi da shi, Nata'ala ma ya yi dariyar. Amma dariyar ba ta wuce haƙori ba. Da ya koma bukka Zuwaira ta dubi fuskarsa, ta ce, "Maigida, ɗaki ɗaya ya ishe mu. Bana a tayar da ɗaya, baɗi in da rai a ƙara. Da sannu ai rijiya ke yin zurfi."

Ya ce, "Shekaruna nawa suka rage da zan yi ta sannu?"

A cikin duwatsun nan akwai wani boka da ake kira Gaji. Ba a zuwa wajensa sai da tsakar rana, lokacin da inuwar mutum ta shige ƙarƙashin ƙafarsa, lokacin da mai hankali ba ya ratsa dutse. Nata'ala ya sayar da tsohon jaki ɗaya tilo da aka sallame shi da shi, ya sayi baƙin bunsuru, ya ja shi ya hau.

Kogon yana bayan wata kuka da tsawa ta raba biyu. A bakinsa an jera tukwane bakwai a kife, kowace da gashin kaza manne da busasshen jini. Ciki ba duhu sosai, don rana na shigowa ta wata tsaga ta sauka daidai kan wani rami mai faɗin faifai. Gefen ramin ya yi baƙi ya yi santsi. Ƙudaje sun cika wurin amma ba ka jin kukansu. Gaji na zaune a kan fatar kura, tsoho ne ƙanƙani, ido ɗaya fari fat, hannuwansa jajur da ƙasa har gwiwar hannu kamar wanda ya taso daga kwaɓi.

Bai amsa sallama ba. Ya ce, "Warin mangala ya riga ka shigowa. Me ɗan jakai yake nema?"

"Baba Gaji, gida nake so. Na soro, na azara. Kafin ƙafata ta mutu."

"Ka je wajen magini."

"Magini ya yi mini dariya."

"To, ashe ba gida kake nema ba, bakin magini kake so ka rufe." Tsohon ya yi wata 'yar dariya kamar tari. "Duk ɗaya ne a wajenmu. Kawo bunsurun."

Ya juya dabbar ta kalli yamma, ya yanka ba bisimilla. Jinin ya zuba a ramin, ramin ya shanye, ko kumfa bai bari ba. Gaji ya zura hannu ya ɗebo jiƙaƙƙiyar ƙasa, ya mulmula ɗan tubali kamar ƙwan jimina, ya tofa masa yawu sau uku, ya miƙa.

Ya ce, "Inda za ku haƙi ƙasar gini, nan za ka binne shi. Duk ɗakin da za ka tayar, ka ɗebi ƙasar sawun mai ɗakin, wanda yake jininka ko yake ci a tukunyarka, ka kwaɓa ta da hannunka a tubalin farko. Ranar da aka fara haƙar ƙasar ɗakin, rami zai ba ka tukunya. Ɗaki ɗaya, tukunya ɗaya. Babban ɗaki, babbar tukunya."

"Ladan fa, Baba?"

"Naman bunsuru nawa ne. Na rami kuwa, rami ne zai karɓa."

"Yaushe?"

"In an yi rufi."

Tsohon ya kafa masa farin idon nan. Can ya ce, "Da sauran tambaya?"

Akwai. Tana kan harshen Nata'ala, ya ji nauyinta. Me rami zai karɓa? Ba yaro ba ne shi, ya san ba a neman ƙasar sawun mutum don a yi masa alheri. Amma ya tuna dariyar gindin tsamiya, sai ya haɗiye tambayar. Ya ce, "Babu."

Gaji ya ce, "Madalla da mai saye ba ciniki."

Ku ji wannan da kyau. Ba a yaudari Nata'ala ba. Shi ya rufe idonsa da hannunsa.

Da sassafe Zuwaira ta fita ɗiban ruwa, ya bi bayanta ya kwashi sawunta a ƙoƙo. Ya kwaɓa tubalin, ya fara haƙa shi kaɗai. Bai kai ƙugu ba fartanya ta bugi abu. Tukunya ce, baki liƙe da laka, cike da azurfa irin ta mutanen da.

Kafin wata ya mutu gari ya canza masa suna. Wanda ake kira madugun jakan aro ya koma Maigida Nata'ala. Ya ce wa mutane ajiyar da ya yi ce a Kano shekara da shekaru. Ya sayi jakai ashirin ya sa su jigilar gyaɗa. Aka saro azara daga giginyu maza, aka jiƙa makuba, matasa suka shiga kwaɓi suna waƙa. Barau da kansa ya ɗora tubali, yana cewa, "Bawana, ashe kura ce da fatar akuya! Ina ka ɓoye wannan arziki, cikin fason ƙafarka?"

Nata'ala ya kwashi sawun Maharazu ma, rami ya ba da tukunya ta biyu. Ɗakuna biyu suka tashi tare, na uwa a gindin dabino, na ɗa kusa da inda zaure zai zauna, don saurayin ya kusa aure.

Na Zuwaira aka fara rufewa. Ta share shi, ta jera 'yan ƙorenta, ta tsaya a tsakiya tana kallon azara. Ta ce, "Maigida, ban taɓa kwana a ƙarƙashin rufin da ba ya yoyo ba. Allah ya saka."

Kwana bakwai ta yi a ciki. Rana ta takwas tana daka da hantsi, taɓarya ta suɓuce, ta durƙusa a gefen turmi, ba ta ƙara tashi ba. Matar da ta yi mata wanka ta fito, ta ce wa Nata'ala a asirce ta tarar da jar ƙasa cike da bakin mamaciyar, har maƙogwaro, jiƙaƙƙiya kamar yanzu aka kwaɓa. Ya ba ta zane biyu ya ce ta riƙe bakinta.

Ya ce wa kansa ajali ne. Mutum in yana so ya yi wa kansa ƙarya ba ya rasa shaida. Bayan sadakar bakwai Barau ya zo ya ce, "Damina ta kusa, ɗakin yaron nan a buɗe yake. A rufe ko a bari?" Nata'ala ya dubi Maharazu yana ɗaure jakai yana 'yar waƙarsa. Ya dubi mutanen da suka zo gaisuwa suna yaba katanga. In ya ce a bari, za a ce arzikin ya ƙare.

Ya ce, "A rufe."

Maharazu bai faɗi kamar uwarsa ba. Kwana uku da rufi aka gan shi cikin ramin da aka haƙi ƙasa, wando a naɗe, yana tattaka laka kamar mai kwaɓi. Aka kira shi bai waiwayo ba. Aka fito da shi, ya koma. Aka ɗaure shi a turke, ya tsinke igiya. Tun fitowar rana har faɗuwarta yana tattakawa, ƙafafu suka kumbura suka fashe. In an tambaye shi sai ya ce, "Inna ta ce ƙasar ba ta yi laushi ba." Malam Ashafa, limamin garin, ya yi rubutu ya yi tofi, yaron ya ƙi sha. Ranar da aka yi ruwan farko rami ya cika, aka tsamo gawarsa da sanda. Ruwan ko ƙirji bai kai ba.

Sannan ne Nata'ala ya koma kan dutse, da tsakar rana, da gudun da gwiwarsa ta manta.

"Ka cinye mini gida, tsohon banza!"

Gaji ko motsi bai yi ba. "Ni bunsuru na ci. Na tambaye ka ko da sauran tambaya."

"Ka kwance abin nan."

"Tubalin da ya zauna ba ya tashi. Amma ƙofa a buɗe take. Je ka cike ramin, kada ka ƙara tayar da ɗaki. Abin da ke hannunka ya ishe ka tuwo har ka mutu. Kana da sauran 'ya, ka yi zamanka."

Da ya ji wannan ya tashi, da labarin ya ƙare a nan, mu ce Allah ya jiƙan waɗanda suka tafi. Amma ya tsaya a bakin kogo yana juya magana. Tukunya tana zuwa ranar haƙa. Biya sai ranar rufi.

Ya ce, "In ba a yi rufin ba fa?"

Tsohon ya buɗe baki, dasashi ba haƙori. "In ba rufi, ba biya. Ka ga ɗan jakai ya fi rami wayo."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne. Nata'ala ya sauko yana ganin ya samo dabarar da ba wanda ya taɓa samowa.

Safara'u ta zo zaman makoki daga Aujara. Ranar da za ta koma ya raka ta bakin hanya, ta durƙusa ta ce, "Baba, ka zo mu tafi can, gidan nan ya yi maka faɗi." Ya ce zai duba. Da ta ba da baya ya ga sawunta a kan rairayi, ƙanana, kamar na uwarta. Ya tsuguna ya kwasa. Ya yi taku goma da ƙoƙon a hannu, sai ya watsar a cikin ciyawa. Wannan kaɗai za a faɗa masa na kirki. Amma bai cike ramin ba. Ya taka ƙasa da tasa ƙafar mai faso, ya kwashi sawun kansa.

Ya ce wa Barau, "Soron da na zana maka, ninka shi biyu."

Tukunyar da rami ya bayar a wannan karon sai da ya mirgina ta, ba ta ɗaukuwa. Bango ya tashi har ya fi kan mai raƙumi. Aka kafa ginshiƙi a tsakiya, aka huda taga ta wajen duwatsu, aka tara azara a gefe. Ranar da Barau ya zo da mutanensa za su hau, Nata'ala ya tare ƙofa.

"A bar shi haka."

"Haka yaya? Bawana, soro ba rufi ai rijiya ce a tsaye."

"Na ce a bari. Wanda ya ɗora mini azara ɗaya, ni da shi har gaban alƙali."

Damina uku soron nan yana shan ruwa. Makuba ta zube, kan bango ya fara narkewa, gara ta shiga azarar ƙasa. Mai jakai sittin, mai rumbuna tara, yana kwana a tsohuwar bukkarsa mai yoyo, a tsakanin ɗakin matarsa da na ɗansa waɗanda ya toshe ƙofofinsu da ƙaya. Gwiwar da aka yi gidan dominta ba ta taɓa shan hantsin zaure ba. Bai yarda kowa ya kafa ko rumfa a gidan ba. Ya rame, ido ya faɗa. In ya ga mutum ɗauke da itace a kafaɗa sai ya miƙe yana ihu.

Mutanen gari suka ce baƙin ciki ne ya taɓa shi. Kuma mutanen kirki ne, abin da ya kashe shi ke nan.

Safara'u ta zo ganinsa bayan girbi, ta tarar ya tafi Kano da ayarin gyaɗa, tafiyar kwana goma sha biyu. Ta shiga bukkar ta ga tabarmarsa ta ruɓe, ga gansakuka a kan buzun salla. Ta fito tana kuka, ta nufi gidan liman, ta tarar da Barau a zaure.

Ta ce, "Allah ya gafarta Malam, ana yi mini gori a Aujara. Ana cewa ubana yana kwana kamar mai gadin gona, ga soro a tsaye. Ni mace ce, ba na hawa bango. Shin ba shi da kowa ne a garin nan?"

Malam Ashafa ya ce, "Yana da mu. Mutum in baƙin ciki ya ɗaure masa hannu, maƙwabta ne hannunsa."

Barau ya ce, "Ya ce zai kai ni gaban alƙali. To, ya kai gari duka. Taubashina ne, ni na fara tsokanarsa a kan gidan nan, ni zan rufe masa shi."

Aka kira gayya. Kun san gayya, ba a biyan kowa, ba a kuma neman izinin wanda za a yi wa, in dai don a rufa masa asiri ne. Aka buga ganga, maza suka fito da fartanya da kwando, mata suka ɗora tukwanen tuwo, Safara'u ta dama fura da hannunta. Aka gyara kan bango, aka zaɓi azarar da gara ba ta ci ba, aka jera, aka shimfiɗa zana, aka ɗora ƙasa mai kauri. Kwana shida ana yi. Barau ya tsaida zanko huɗu a kusurwoyi, ya sa indararo, ya ce ko gidan hakimi sai haka.

Da la'asar ɗin rana ta goma sha biyu Nata'ala ya ɓullo ta cikin giginyu a kan jaki. Ganga ya fara ji. Sannan ya ɗaga kai ya ga zankaye huɗu sun soki sama a inda ya bar bango tsirara.

Ya zamo daga kan jakin. Jama'a suka taho tarye, mata na guɗa. Safara'u ce a gaba, fuska kamar sabon wata.

"Baba, sannu da hanya! Zo ka gani. Yau za ka kwana a ɗakinka."

Barau ya ce, "Madugun jakan aro, ga ni, kai ni wajen alƙalin!"

Nata'ala ya dube su ɗaya bayan ɗaya. Ya ce, "Wa ya sa ku?"

"Ni ce, Baba."

"Ke." Ya kama kafaɗarta. "Na watsar da naki. Allah ya sani na watsar da naki a ciyawa. Nawa ne a ciki."

"Me ka watsar, Baba?"

Ya ce da ƙarfi, har ganga ta tsaya, "Sawun uwarki yana gindin ɗakinta! Na Maharazu yana gindin nasa! Da hannuna na kwaɓa!"

Malam Ashafa ya ce, "Innalillahi. Nata'ala, tsaya nan. Tuba ba ta da rufi, faɗi ka nemi gafarar Ubangijinka."

Amma har a wannan lokacin dabara yake nema, ba gafara ba. Ya fizge gatari daga hannun wani, ya kutsa cikin soron, ya nufi kusurwar gabas inda ya dasa tubalin farko. Suka ji sara. Barau ya yi kururuwa, "Fito! Rufin ɗanye ne, bangon ya sha ruwan damina uku!" Ya yunƙura zai shiga, maza suka riƙe shi. Safara'u na kiran Baba, Baba. Sara na ci gaba, yana cewa, "Ga shi nan, na kusa, ga shi nan."

Sai azara ta yi ƙara sau ɗaya, kamar jaki ya karye a ƙafa. Kusurwar ta zauna, ginshiƙi ya kwanta, rufin da gari ya yi kwana shida yana ɗorawa ya sauko gaba ɗaya.

Hannuwan da suka ɗora ƙasar su suka tone ta. Suka same shi a durƙushe, tubalin a ƙirjinsa ya rungume, bakinsa cike da jar laka. Da aka fasa bukka aka jawo tukwanen uku, ba azurfa ko ɗaya, sai gara da ƙasa mai ɗumi. Jakan suka kamu da ciwo suka mutu bi da bi kafin watan ya fita. Safara'u ta koma Aujara ba ta ɗauki ko cokali ba, kuma har ta tsufa ba ta ƙara kwana a ɗakin soro ba. Barau bai sake ɗora tubali ba. Ba wanda ya gaji filin. Ruwa ya narkar da sauran, ya zama tudun da kuke gani.

To, ku masu cewa shekaru sun ja, ba lokacin sannu, ku ji. Zuwaira ta faɗa masa gaskiya tun a bukka: ɗaki ɗaya ya isa. Da ya bi ta, da ya mutu a ɗaki ɗaya, matarsa a gefe, ɗansa ya ɗauki makararsa. Ya nemi soro ya rasa mai rufe masa ido. Kwaɗayi mabuɗin wahala ne, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Kada wani ya ce zai karɓi na shaiɗan ya hana shi biya. Ko ka tsare ƙofarka daga maƙiyi, ba ka iya tsare ta daga masoyi, ta hannun wanda ya fi ƙaunarka za a zo karɓa. Gidan da aka kafa a kan sawun iyali ba ya ba da inuwa. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.